Allo Mai Lamba Huɗu

Sufeto Zainulabideen ko kurɓar shayinsa bai yi ba ranar Lahadi da safe aka shigo masa da wata budurwa, hannunta na hagu naɗe da bandeji. An ba ta kujera ta ƙi zama.

"Me aka sace miki?"

"Allo, ya Sufeto. Allon zamiya. Karyayye."

Ya ajiye kofin. Shekara goma sha tara yana aikin nan a Madina, an kawo masa ƙarar satar zinari, da fasfo, har da raƙumi, amma bai taɓa ganin mai kuka a kan karyayyen katako ba.

Sunanta Suhaila. Tana aiki a wata ƙaramar mujallar wasannin sahara da kawunta Alhaji Tahir ya kafa a unguwar Anbariyya. Aikinta gwada kaya. Matasan yanzu sun tsiro da wasan hawa tudun yashi, su ɗaure ƙafafu a kan allo su zamo ƙasa a guje, kuma kafin su sayi allo sai sun duba me Suhaila ta ce. Ranar Laraba ta gwada alluna biyar a tuddan hanyar Yanbu. Na huɗu maɗaurin ƙafarsa ya ɓalle tana tsakiyar gangara, ta faɗi ta goce hannu. Ranar Alhamis ta rubuta haka a shafin mujallar na intanet, ba ta rage komai ba.

"To, ina matsalar?"

"Allon na kantin Mu'azzam ne. Shi ke da tallan bangon bayan mujallarmu." Ta juye zuwa Larabci da sauri, sannan ta dawo Hausa. "Ya kai ƙarata, wai tashhir, na ɓata masa suna. Gobe da safe za a ɗauki bayanina. Hujjata kaɗai allon nan, na kulle shi a maktab, ofishinmu. Yau na buɗe, sai na tarar da lafiyayye."

Sufeto ya miƙe. Yanzu ya gane. In karyayyen allon bai fito ba kafin gobe, yarinyar nan maƙaryaciya ce a idon hukuma, kuma ɓata suna ba abin wasa ba ne a ƙasar nan.

Ofishin mujallar ɗaki biyu ne a saman wani shagon turare. Alhaji Tahir ya tarbe su da fara'a mai yawa, irin wadda Sufeto ba ya so. Dattijo ne mai tsafta, yana ta gyara gilashinsa.

"Ahlan, ahlan. Sufeto, an wahalar da kai a banza. Babu sata. Ga allo nan, ga lambarsa."

Alluna biyar na jingine da bango. Kowanne an rufe sunan kamfaninsa da baƙin salatif, an rubuta lamba a kai. Haka Suhaila ke yi, don kada suna ya rinjayi idonta lokacin gwaji. Na huɗu lafiyarsa kalau, ga ƙarce-ƙarce a cikinsa kamar wanda ya sha aiki.

"Makullin ɗakin nan nawa ne?"

"Biyu. Nawa da nata."

"Jumma'a da Asabar kana ina, Alhaji?"

"Gida. Ban leƙa ko ƙofa ba sai masallaci." Ya dubi Suhaila da tausayi. "Faɗuwa ta yi, ya Sufeto. Wanda ya bugu yakan ruɗe."

"Khali, ban ruɗe ba!" in ji Suhaila, ta kira shi kawu da Larabci.

Sufeto ya tsuguna yana kallon allunan ɗaya bayan ɗaya. Bai san komai a wasan nan ba, kuma bai yi niyyar sani ba, mutum da girmansa ya je yana mirgina a yashi. Amma ido gare shi.

"Me ya sa maɗaurin sauran allunan ke kallon wannan gefe, na mai lamba huɗu kuma yana kallon can?"

Suhaila ta matso, ta yi tsai.

"Ni da ƙafar dama nake shiga gaba. Kowane allo sai na kwance maɗaurin na juya shi kafin in hau. Wannan yadda ya fito daga kwali yake. Wallahi ban taɓa hawansa ba."

Alhaji Tahir ya cire gilashi ya goge.

Sufeto bai tsaya jiran direba ba, shi ya ja motar zuwa kantin Mu'azzam. Azahar ta gabato, za a rufe shaguna, ga cunkoso a kowace kwana. Ya yi ta buga sitiyari da yatsa. Zuciyarsa ta riga ta kama ɗan kasuwar nan da laifi, kuma ya san hakan ba daidai ba ne, abin da ya ƙara masa haushi ke nan.

Mu'azzam ƙato ne mai murya, wayoyi biyu a hannu.

"Allo nawa ka kai wa mujallar?"

"Wahid. Ɗaya tak."

"Ka tabbata?"

"Sufeto, ni aka zalunta! Shekara shida ina ba su talla, sai 'yar ƙanwarsa ta tashi ta ce kayana na karya mutane? Da kunya dai."

"Talla kake saye ko yabo?"

"Ya'ni, duk ɗaya ne. Wa zai ciyar da wanda ke zaginsa?"

Sufeto ya nuna kyamarar da ke saman ƙofa. "Zan duba ta tun daga watannin baya. In na ga wani allo ya fita zuwa mujallar, kai ma gobe akwai bayaninka."

Muryar ta sauka. Mu'azzam ya ajiye wayoyin.

"Tayyib. Biyu ne. Na biyun kyauta ce, na ba Alhaji Tahir tun wancan watan, ya rataya a gidansa. Kowa na yin haka. Na ɓoye ne don kada a ce cin hanci."

"Ka shiga ofishinsu bayan Laraba?"

"Abadan. Waya kawai na yi masa. Na ce ko a goge rubutun, ko in janye tallana. Shi ya ce min allon lafiyarsa kalau, yarinta ce. Shi ya sa na kai ƙara."

Sufeto ya fito ransa a dagule. Ya so ƙwarai a ce ƙaton nan ne.

Da la'asar ya koma Anbariyya da ɗan sanda ɗaya. Ya kwantar da allo mai lamba huɗu a kan tebur, ya zaro tsinken sakace daga aljihu ya soka a ramin kusa. Ya karkaɗe a kan farar takarda. Ya yi haka da allo mai lamba biyu.

"Alhaji, zo ka gani. Na mai lamba biyu yashi ne ja-ja mai laushi, na hanyar Yanbu. Na mai lamba huɗu kuwa baƙar tsakuwa ce. A ina ake zamiya a kan baƙin dutse?"

"Ni ina na sani?"

"Khali yana da gonar dabino cikin baƙaƙen duwatsun Khaibar," in ji Suhaila a hankali. Kamar maganar ta kuɓuce mata ne.

Sufeto ya juya ga dattijon. "Ina allon da Mu'azzam ya ba ka?"

"Yana gida."

"Mu je mu gani. Amma mu fara da but ɗin motarka."

Dattijon ya tsaya da makulli a hannu, ya kasa sauka matakala. Ɗan sandan ya karɓa ya sauka. Ba a yi minti biyar ba ya hawo da allo a kafaɗa, ganyen dabino na manne da shi, maɗaurin ƙafa na reto da kusa ɗaya. An rubuta huɗu a kan salatif, da hannun Suhaila.

Alhaji Tahir ya zauna a kan kwalin tsofaffin mujallu.

"Na kai shi gona in ƙone, na kasa," ya ce. "Na ɗauki nawa na goga shi a ƙasa, na manna lamba. Shekara ashirin da biyu ina fitar da mujallar nan, ya Sufeto. Masu talla duk sun gudu intanet, saura shi kaɗai. In ya tafi, khalas, mujallar ta mutu."

"Sai ka zaɓi ita ta tafi."

"A'a! Na ɗauka za a yi mata faɗa, ta ba da haƙuri, shi ke nan."

"Ka ce wa mai ƙara ƙarya ta yi. Ka ce min ta ruɗe. Gobe da bakinka za ka maimaita a markaz, gaban 'yan sanda, ko ba haka ba?"

Alhaji Tahir ya sunkuyar da kai. Tausayinsa ya kama Sufeto, abin kuma ya ba shi haushi, don ba dattijon ne ke da goceccen hannu ba.

Suhaila ta tsuguna gaban kawunta. Wannan karon da Hausa ta yi magana, irin ta cikin gida.

"Kawu, kai ka koya min rufe suna da salatif. Me ya sa ba ka zo ka ce min in goge rubutun ba?"

Ya ɗago ido jajur.

"Da kin ƙi."

Hawaye suka zubo mata.

"Da na ƙi," ta ce.

Sufeto ya yi wa ɗan sandan alama ya mayar da ankwa aljihu. Ya kama hannun Alhaji Tahir da kansa ya tashe shi, suka sauka matakala a hankali, masu shagon turare na leƙe. Suhaila ta biyo su a baya, rungume da karyayyen allon da hannu ɗaya.