Tela da Takardar Ƙosai

A wani gari an yi wani tela mai suna Ɗanlami. Da ya sayi kwamfuta, sai ya zuba awon masu kawo masa ɗinki a cikinta, tsohon littafin awon kuwa ya ba Iya Tabawa ta riƙa ƙunshe ƙosai.

Matarsa Kande ta ce, "Maigida, ka kwafi awon nan a filashi mana, ka ajiye saboda tsaro."

Ya ce, "Kwamfuta ba ta mantuwa."

Ta sake tuna masa. Ya ce, "Kwamfuta ba ta mantuwa!"

Ana saura kwana uku salla, ga yadi jibge, ya buɗe fayil ɗin awon ya tarar wayam. Mai gyara ya ce na'urar ce ta rikice ta haɗiye shi.

Ɗanlami ya ruga wurin Iya. "Iya, ina littafina?"

"Saura shafi tara, ɗan nan. Ni kuma ba na ba da takarda sai da ƙosai."

Ya zauna ya cinye ƙunshi tara, yana karanta awo ta cikin maiƙo.

Da ya koma gida yana nishi, Kande ta ce, "Maigida, a zubo tuwo?"

Ya ce, "A'a. Miƙo mini filashin nan."