Wanda Ya Kashe Injin Gunnar

Ƙafafunta ya fara gani. Sixten na komawa gida daga aikinsa na nas a motar asibiti, sai ya hango ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar motar iyali mai kujera bakwai, ga wani abu jajawur yana malala a kan dusar ƙanƙara. Bai tsaya tambaya ba, ya cafki ƙafafun ya finciko.

Budurwa ce, da sifana a hannu, fuskarta duk mai.

"Kai, lafiyarka kuwa?"

"Kada ki motsa, jini kike zubarwa!"

"Man giyar mota ne, malam. Filta nake canzawa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Haka kake jan duk matar da ka gani a kwance?"

Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ita kuwa budurwar, Tova, dariya ta ci ƙarfinta, kuma a cikin dariyar nan Sixten ya san tasa ta ƙare. Kafin ya bar ƙofar gidan ya karɓi lambarta, wai ko da ciwon ƙafa zai taso daga baya.

Ciwon bai taso ba, soyayya ce ta taso. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo:

"Bakanikiyata, zuciyata ta ƙi shiga giya tun da na farka. Yaushe za ki duba ta?"

"Mai cetona, zuba mata kofi tukuna. In ta ƙi, kawo ta da yamma."

Sau ɗaya suka taɓa saɓawa. Ranar da ya shirya kai ta wurin iyayensa, ta rubuto: "Yi haƙuri masoyi, Gunnar ba shi da lafiya, ba zan iya barinsa ba." Kishi ya turnuƙe Sixten, ya daina ɗaga waya, ya bi duk Gunnar ɗin da ya sani a yankinsu na Värmland yana zargi, har da wani dattijo mai sayar da kifi. Da abin ya ishe shi ya zo da fushinsa, Tova ta kama hannunsa ta kai shi gaban tsohuwar motar.

"Gaishe da kishiyarka. Mamana ce ta sa masa suna."

Wannan ya wuce da dariya. Wanda bai wuce ba shi ne Rune, mahaifinta, tsohon bakanike mai tsadar magana. Tun rasuwar matarsa Birgit, abu biyu ya rage masa a duniya, 'yarsa da motar da marigayiyar ta bari. Da Tova ta ce masa aure za su yi, bai ko ajiye kofinsa ba.

"Mutumin da bai san jini da man giya ba? A'a."

"Baba, ai ba garejin zai aura ba."

"Na ce a'a."

Babu dokar da ta hana Tova aure ba da yardarsa ba. Amma ta rantse ba za ta shiga coci babu shi ba, Sixten kuma ya san ba wasa take yi ba.

Da rani ya shigo, giyar Gunnar ta sake ɗiga, sai Tova ta ga cewa dama ta samu. Ta gayyato Sixten. Ita da mahaifinta suka sauke kaskon giyar, suka sa sabuwar filta da sabuwar roba, suka ɗaure. Rune ya zuba mai na farko ta mazurari, ya tayar da inji, ya zagaya da sandar giya gida-gida ya mayar da ita mazauninta. Sannan ya miƙa wa Sixten tsumma ba tare da ya kalle shi ba.

"In ya yi zafi, zaro sandar awo ka duba. In da saura, ƙara kaɗan-kaɗan. Mu za mu sha kofi."

Sixten ya tsaya shi kaɗai, injin na ta ruri, hayaƙi na tafiya shingen maƙwabta. To, shi mutum ne da ko a dokar daji ba ya tsallaka titi sai fitila ta ba shi hannu, kuma tun yana yaro ya san an hana barin mota a kunne a tsaye fiye da minti guda. Ya jure, ya jure, har injin ya yi zafi. Sai ya miƙa hannu ya murɗe mukulli. Ya zaro sanda, ya goge, ya mayar, ya zaro. Mai har ya wuce layi. Ya sake tayar da motar yana jin kansa gwani.

"Ya cika?" in ji Rune da suka fito.

"Taf!"

Suka fita gwaji su uku, Rune a sitiyari. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. Suna fara hawan tudun coci injin ya yi kuka, motar ta ƙi gaba. Rune ya taka birki nan take, fuskarsa ta yi fari fat. Tova ta san in giyar nan ta ƙone, maganar aurenta ta ƙone.

"Injin na aiki ka auna?" Rune ya tambayi Sixten.

Tova ta buɗe baki za ta kare shi, Sixten ya riga ta.

"A'a, Rune. Na kashe shi."

"In ka kashe, man yana gangarowa kasko ya yi maka ƙarya! Uban wa ya ce ka kashe?"

"Doka ta hana a bar shi a kunne."

Can kafaɗun Rune suka fara rawa. Tova ta ɗauka fushi ne, ashe dariya ce, dariyar da ta zo da hawaye.

"Birgit ke nan," ya ce yana share ido da bayan hannu. "Duk tsawon aurenmu, in na bar mota a kunne sai ta miƙo hannu ta kashe, wai doka. A kan mukullin nan muka fi yin faɗa. Tun da ta tafi, babu wanda ya sake kashe mini inji."

Ya lallaɓa motar da baya har wuri mai daidai. Ya ɗauko galan ɗin man giya, ya sa mazurari, ya damƙa wa Sixten.

"Zuba kaɗan. Tsaya. Auna. Kuma in ka taɓa mukullin nan sai na karya maka yatsa."

Suka zuba, suka auna, suka ƙara, har jan man ya tsaya daidai layi. Gunnar ya haye tudun ba gardama.

A cocin da ke kan tudun aka ɗaura auren kafin ranin ya fita. Wajen cin abinci Rune ya miƙe da kofinsa, jama'a suka yi tsit, don ba a saba jin jawabinsa ba.

"Tova, na ba ki mutumin da ba ya ƙarya ko da gaskiyar za ta kashe shi. Sixten, na ba ka abin da na fi so. Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'yan da za su cika kujera bakwai."

Sixten ya matse hannun amaryarsa a ƙarƙashin tebur. Ita kuwa kuka take yi, tana dariya.