Inda Dutsen Ya Ƙi Shan Asid

Rana ta yi ja a bayan itatuwan dabino, iska ta ɗauke, garin Hufuf ya yi shiru irin na gab da magariba. A gidan ɗana Jasim, matarsa Lulwa tana tsame jar shinkafa, 'yarsu tilo, Hissa, tana wanka. Sai tsakuwa ta faɗo cikin faranti. Wata ta biyo ta, ta fasa kofin gahawa. Farare ne, da ɗuminsu, alhali rufin ɗakin siminti ne, ba ko huda.

Hissa ta fito gashinta na ɗigar ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Yarinya ce da bakinta ba ya hutawa, amma ran nan ta yi gum. Da uwar ta dafa ta, wata murya mai kauri, irin ta tsohuwa, ta fito daga bakinta.

"Yana ci. Har yanzu yana ci."

Jasim injiniya ne a rijiyoyin mai. Farin dutsen da ke riƙe da mai a can ƙasa yakan toshe, sai a ɗura masa asid ya ci hanyoyi a ciki, mai ya sami wurin wucewa. Aikin Jasim awo ne, ya tabbatar asid ya ratsa ko'ina daidai, kada wani wuri ya sha ya ƙoshi wani ya zauna a bushe. Yakan zura siririyar waya mai jin zafi har gindin rijiya. Inda asid ya ci, wurin kan yi zafi. Inda bai shiga ba, sanyi. Da wannan ya yi suna, kuma da guminsa ya yi shi.

Kullum rana ta sunkuya, sai jifa ya fara. Hissa ta daina cin abinci, ko ruwa ta haɗiya sai ta riƙe maƙogwaro tana birgima. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Awarwaronta ya fara zamewa daga hannunta.

"Yumma," in ji Jasim gare ni, "in kai ta babban asibiti a Dammam?"

"Asibiti na hana jifa? Kira Shaihu Dakhil."

Malamin ya zo bayan la'asar, tsoho ne siriri, ba shi da yawan magana. Ya zauna kusa da kan Hissa yana karatu a hankali, har inuwa ta cika ɗakin. Can Hissa ta tashi zaune, ba ta dafa ƙasa ba.

"Wace ce ke?" in ji shi.

"Maƙwabciya. Tambayi mai waya."

Jasim ya daskare a jikin bango.

"Gidanmu na cikin rijiyar da yake aiki," in ji muryar. "Da suka ɗuro ruwan nan muka toshe ƙofarmu, ya wuce mu. Wayarsa ta nuna masa sanyi a wurin. Gwani ne, ba ya barin wuri a bushe. Ya sa aka toshe sauran hanyoyin, aka juyo mana da shi."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Na gudo da ɗan autana. Muka fake a gutsuren dutsen rijiyarmu da ya kawo gida, don shi kaɗai ke ƙamshin gidanmu."

Lulwa ta toshe baki. Dutsen da suka yi gwaji a kansa ne a wurin aiki, asid ya huhhuda shi kamar soso, Jasim ya ajiye a kan kanta don ado. Hissa ta gan shi da kaushi-kaushi, ta mai da shi na goge dunduniya.

"Ta kwara mana ruwan zafi da magariba, ba ko bisimilla. Can uban, nan 'yar. Ku ba ni maƙogwaronta, mu yi daidai."

"Ba za ki samu ba," in ji malamin, ya ɗaga murya da karatu. Hissa ta yi ƙara har gilashin taga ya yi rawa.

"Tsaya, tsoho! To, a rufe rijiyar."

"Wallahi ba ni da wannan ikon," in ji Jasim.

Daga nesa ladan ya fara gyaran murya.

"Akwai sauran lungu ɗaya mai sanyi. Can dangina suka tattaru. Ka shirya komawa ka cike shi, ko ƙarya na yi, Abu Hissa?"

Jasim bai musa ba.

"Ka bar shi a bushe. Ka mai da dutsena bakin rijiya, ka binne."

Jasim ya san abin da hakan ke nufi. Za a ga awo ya karkace, a tambayi dalili, kuma ba shi da dalilin da zai iya faɗa a ofis. Ya dubi 'yarsa, leɓunanta sun tsattsage.

"Na rantse da Allah, hannuna ba zai kai asid wurin ba."

"Hannunka," in ji ta, ta yi wata 'yar dariya. "Na karɓa."

Malamin ya umarce ta ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Yatsan ya karkaɗa, Hissa ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Yumma, ƙishirwa." Ta shanye kofi, ta nemi ƙari.

Jasim ya binne dutsen, ya ƙi komawa lungun. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga rijiyar, aka mai da shi ofis, aka ba wa wani injiniya aikin. Hissa ta yi ƙiba, surutu ya dawo.

Na bincika, aka ce sabon injiniyan yana da 'ya'ya mata biyu. Na sa abaya na tafi gidan mahaifiyarsa, na zayyana mata komai. Ta zuba mini gahawa tana murmushi, ta ce ɗanta a ƙasar waje ya yi karatu. Na sha, na ajiye kofin, na ce mata ko ba komai kada ta bari ya shigo gida da dutse.