Zarton Baba da Hannun Hagu

"Na ce ba zan sa hannu ba! Ko za ki wuni nan a durƙushe!"

Baba ya ture takardar da bayan hannu, ta zame daga teburin aiki ta faɗa cikin dusar katako. Auta ta ɗauka, ta hure, ta goge da gefen mayafinta, ta sake ajiyewa gabansa. Karo na uku ke nan.

"Baba, don girman Allah... ranar Alhamis izinin aikinsa zai ƙare. Kai ne shugaban layin kafintoci. In babu hannunka ba za su sabunta masa ba, mayar da shi ƙasarsu za a yi!"

"Su mayar mana. Ni na kawo shi?"

Wanda ake wannan dambarwa a kansa shi ne mai wasa zarto na ƙarshen layi. Shekara bakwai ke nan da ya sauka garin da ƙaramar jaka da magagari uku, amma har yau Baƙo ake ce masa, kamar jiya ya zo. Kafin zuwansa, in zarto ya dakushe sai a aika da shi wani gari, kafinta ya zauna mako guda yana korar ƙuda. Da ya buɗe rumfarsa, zarton da aka kai da safe kan dawo kafin azahar. Shagunan da suka rufe suka buɗe, injinan yankan katako suka ƙaru, magidanta da dama suka samu abin yi. Kowa ya san haka, Baba ma ya sani, faɗa ce kawai ba zai yi ba.

"Ke yarinya ce," in ji shi, yana duban katakon da yake gogewa. "Mutum ya shigo ƙasar mutane, ya kama sana'ar da ba wanda ya iya sai shi, ya riƙe wuyan layi gaba ɗaya. Yanzu kuma ya lallaɓo zai haɗa da 'yata don ya samu gindin zama. Takarda yake so, ba ke ba!"

"Da takarda yake so ai da tun bara ya matsa a yi auren. Shi ya ce a jira sai ya samu izini da guminsa!"

"Dabara ce. Tashi ki ba ni wuri!"

Ta tashi, idanunta sun kaɗa, amma ba ta bari hawaye ya zubo ba. Auta ce, mai taurin kan gidan, kuma kowa ya san inda ta gado shi. Ta ɗauke takardar, ta tattara zartuna huɗun da suka dakushe kamar yadda ta saba, don ita ke kai su wasawa tun da ciwon gwiwa ya kama Baba, ta nufi ƙarshen layi.

Tun daga nesa ta jiyo kukan magagari a kan ƙarfe. Yana sunkuye, gilashi a hanci, bai ɗago ba sai da inuwarta ta rufe masa haske.

"Ya ƙi ko?" ya tambaya a hankali.

"Ya ƙi. Amma ban gama ba." Ta zube zartunan. "Ka ji shawarata. Ka rufe rumfar nan kwana biyu kacal. Injina su tsaya, kowa ya ji a jikinsa, da ƙafarsu za su je su tasa Baba gaba!"

Ya cire gilashin, ya yi murmushi mai ciwo.

"Haba rabin raina... mutanen da suka ba ni ruwa ranar da ban san kowa ba? In tsayar musu da abincin 'ya'yansu don takardata? A'a."

"To sai ka tafi ka bar ni?"

"Ban ce ba. Amma karanta layi na biyar."

Ta buɗe takardar. An rubuta: shin akwai ɗan ƙasa a wurin da ya iya wannan aikin? Shekara biyu ke nan, duk ranar da ta kawo zartuna, mutane na ganin zaman jira take yi a bayan teburinsa, alhali koyo take. Ya nuna mata yadda ake bin haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya, yadda ake karkata wannan dama wancan hagu don kada ya maƙale a katako. Wata shida ke nan duk zarton Baba ita ke wasawa.

"Ba wanda ya sani," ta ce da sauri. "Sai a rubuta babu."

"Ni na sani. Ke ma kin sani."

"Kana hauka ne? In aka ce akwai, sai su ce ba a buƙatarka!"

"Wataƙila. Amma ba zan gina gidanmu a kan ƙarya ba, abar ƙaunata. Na koya miki ne don ko an kore ni layin nan kada ya sake tsayawa."

Ta dube shi, haushi da ƙauna suka cika mata ciki a lokaci ɗaya. Wai ita ke ta faɗi tashi don ta cece shi, shi kuwa yana nan yana tunanin injinan mutane! Ta ja kujera, ta ɗaure zarton farko a mariƙi, ta ɗauki magagari da hannun hagu.

"Shi ke nan," ta ce. "In gaskiya za a faɗa, ni zan faɗe ta, kuma a gaban Baba."

Ranar Laraba da hantsi ta shiga shagon Baba. Maimakon ta rataye zartunan ta fita, sai ta ɗauko babban cikinsu, wanda ya gada wurin mahaifinsa, ta miƙa masa hannu biyu.

"Baba, gwada wannan."

Ya harare ta, amma kafinta ba ya iya ƙyale zarto mai sabon wasawa. Ya ɗora a katako ya ja sau uku. Zarton ya shige sumul.

"Ba na musun hannunsa," ya ce a daƙile. "Halinsa nake..."

"Duba haƙoran da kyau, Baba."

Ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, ya ƙanƙance ido. Shekara arba'in yana kallon haƙoran zarto, bai kamata a ce abu ya wuce shi ba. Sawun magagarin ya kwanta ne ta ɓangaren da ba a saba ba.

"Wannan ai... aikin bahago ne. Shi kuwa da dama yake aiki." A hankali idonsa ya sauka kan hannun hagunta, hannun da ya sha bugewa tana ƙarama, hannun da saboda shi ya hana ta taɓa kayan shago wai za ta yanke kanta. Yatsun duk sun yi kanta.

"Ke?"

"Ni ce, Baba. Wata shida ke nan."

"Shi ya koya miki?"

"Duk abin da ya iya. Bai ɓoye komai ba."

Baba ya ajiye zarton. "To ashe ba ma buƙatarsa ke nan."

Abin da ta ji tsoro ke nan, ga shi ta jawo da bakinta. Amma ta dake.

"Shi ma ya san za ka iya faɗin haka. Na ce a rubuta ƙarya, ya ƙi. Na ce ya rufe rumfa layi ya ji jiki, ya ƙi. Ka ce ya riƙe wuyanmu da sana'arsa... Baba, wanda ya riƙe wuyan mutane yana miƙa musu igiyar da hannunsa?"

Baba ya daɗe yana shafa haƙoran zarton da babban yatsa. Can ya ce, "Kira min shi."

Baƙo ya zo da rigar aikinsa, ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe shi.

"Kai, wane irin sakarai ne kai?" in ji Baba. "Abu ɗaya ke riƙe da kai a ƙasar nan, ka ɗauka ka ba wata?"

"Baba, ni ma wani ne ya koya min bai tambayi daga ina nake ba."

Baba ya miƙa hannu, Auta ta sa masa takardar da biro. A layi na biyar ya rubuta a hankali, yana faɗa da ƙarfi: "Akwai mutum ɗaya, kuma shi ya koya mata. Muna so ya zauna ya koya wa saura." Ya sa hannu, ya danna hatimin layi har teburin ya girgiza.

"Gobe da kaina zan raka ka ofishin. In suna da tambaya su yi min!"

Ya kuwa je, da ciwon gwiwarsa da komai, ya rufe shagon da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi rufewa ba. Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Sai bayan la'asar ta hango su tafe, Baba ya dafa kafaɗar Baƙo saboda gwiwa, ɗaya hannun kuma ya ɗaga takarda sama, yana kaɗa ta kamar shi aka ba.

"Sun ba shi shekara biyar!" ya ƙwala wa layi gaba ɗaya. Injina suka tsaya, aka fito ana tafi.

Auta ta toshe baki, kukan da ta riƙe tun farkon mako ya ƙwace mata.

"To, saura ɗaya maganar," Baba ya ce wa Baƙo. "Ka turo manyanka."

Baƙo ya sunkuyar da kai. "Baba... ba ni da kowa a ƙasar nan."

Baba ya nuna kafintocin da suka cika hanya, dusar katako har gira. "Waɗannan fa, itatuwa ne? Zaɓi wanda ka ga dama!"

Sannan ya juyo wurin Auta, ya kama hannun hagunta, ya juya shi yana duban kantar.

"Wannan hannun na yi ta bugu... Ki yafe min, Autata. Gobe ki zo shago da wuri, akwai zartuna uku suna jiran ki."