Kujerar Hagu a Jirgin Subhi

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, kuma ba kwa jin tsoro a inda ya kamata a ji shi. Ku wuni a duƙe gaban allo kuna danne-danne da manyan yatsu, wai gem, kuna harbin aljanun ƙarya. Da yamma ku kwashi jiki ku je a ɗaure ku a kujera a juya ku sama kamar kaza a gashi, har ku yi amai a rigunan juna. Bai ishe ku ba, sai kun kira gidan rediyo wai kuna ba da ra'ayi. Tir da wannan ra'ayi. Ni ban wuce aji biyu ba, amma na san abin da ba ku sani ba, kuma a kan ɗan cikina na gan shi.

Mijina marigayi, Abdul-Mu'uti, mai lilo ne. Shekara arba'in yana kafa lilon katako a filinsa na bakin ruwa, nan Damanhur, irin mai kama da kwale-kwale da ake turawa da hannu. Dokarsa biyu ce. Da an kira magariba sai ya ɗaure lilo da sarƙa, ko da layi ya kai titi. Ta biyu, ba ya tura mutum shi kaɗai a kujerar mutum biyu. In yaro ya zo ba abokin zama, sai ya ɗora buhun yashi a gefensa. Mutane suna cewa don nauyi ya daidaita ne. Ni ya gaya mini gaskiya tun ina amarya.

"Nabawiyya, kujera ba ta tafiya babu kowa. In ba ki cika ta ba, akwai mai cikawa."

Da ya rasu, ɗanmu Subhi ya gaji filin. Ƙato mai shekara talatin da shida, da mata da 'ya'ya biyu, amma in ya zauna gaban gem ko wuta ta kama gida ba zai waiwayo ba. Ya sayar wa masu gidan burodi katakon lilon ubansa suka ƙona. Ya gina wani dogon rumbu mai duhu da langa-langa, ya shimfiɗa dogo a ciki, ya sa ƙananan taragu, ya ce shi ne jirgin tsoro, irin wanda ya gani a gem ɗinsa. Ya rataye gumakan roba guda bakwai. Na san bakwai ne, don ni ya lallaɓa na ɗinka musu tsummokara, Allah ya yafe mini. Kowane tarago na mutum biyu ne, shi kuwa ya rubuta a ƙofa da jan fenti: KAI KAƊAI.

Na yi magana. Ya ce, "Umma, zamanin buhun yashi ya wuce. Ai daɗin abin a kaɗaicin yake."

Wata Alhamis bayan la'asar ina zaune ina tsinke ganyen lalo, rediyo na kan taga. Akwai shirin da wata Nirmin ke gabatarwa, mai dariya kamar an zuba cokula a tire. Ranar tambayarta ita ce: wanne ya fi ban tsoro, gem ko abin hawa na wurin wasa?

Wani ya kira ya ce gem, don shi kwana uku ya yi bai yi barci ba sai da ya kashe uban dodannin. Ko sallah ya yi a kwana ukun, ba wanda ya tambaye shi. Wata yarinya ta ce ita lilon ƙarfe mai kifewa, wai takalminta ya faɗo kan wani mai sanƙo, suka yi ta ƙyaƙyatawa. Na tofar da yawu a kwandon shara.

Sai wani saurayi ya shigo layi.

"Madam Nirmin, duk ku bar wannan surutu. Wanda bai shiga jirgin Subhi na bakin ruwa ba, jariri ne, a ba shi madara. Gumakan dai shirme ne, ko ƙanwata ba za ta firgita ba. Amma matar nan!"

"Wace mata, jarumi?"

"Wadda ke zama a gefenka in tarago ya sha kwana ta uku. Ba ka jin zuwanta. Sai dai ka ji kujera ta lotsa."

Hannuna ya tsaya a kan ganye.

Wata ta kira bayansa, tana haki don zumuɗi. "Wallahi gaskiya ya faɗa! Har rigarta a jiƙe take, sai da ta jiƙa mini siket. Ga wari kamar tabon ƙasan ruwa. Na ba ta goma bisa goma!"

Na uku wani ne mai kiran kansa injiniya. Ya ce shi ya gano dabarar, iska ce ake hura wa roba. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Yatsun. Da ta dafa mini gwiwa, sanyi ya kai mini har haƙori. Kuma ta san sunan mahaifiyata."

Suka yi dariya. Dariya fa!

Gumaka bakwai na ɗinka wa kaya. Babu mace a cikinsu. Kuma duk a bango suke rataye, ba abin da ke cikin tarago sai katako da fatar kujera.

Nirmin ta ce ga mai jirgin da kansa a layi. Na ji muryar ɗana, ta kumbura kamar ta zakara.

"Ustaz Subhi, faɗa mana, yaya ka yi ta?"

Ya ɗan yi shiru. Na san wannan shirun tun yana satar sukari. Bai san komai a kanta ba.

"Sirrin sana'a ne, Madam," in ji shi. "Ni na ƙera ta da hannuna."

"In manyan wuraren wasa na Alƙahira suka ce ka sayar musu fa?"

"Ina! Tawa ce. Ba ta zuwa ko'ina, tana tare da ni."

"To kai ka taɓa shiga kai kaɗai, ko tura 'ya'yan mutane ka iya?"

"Yau ma zan shiga. Da an kira magariba, lokacin da tsofaffi ke cewa aljanu suna fitowa. Zan ɗauko muku hotonmu tare."

Na kashe rediyo. Na dafa lalon a gaggauce, na zuba a kwano da shinkafa kamar yadda nake kai masa kullum, na yafa baƙin mayafina. Na duba buhun yashin ubansa da ke ƙarƙashin matakala, na gwada ɗagawa, bayana ya ƙi. Na ce to, ni ma ai nauyi ce. Ni zan cika kujerar.

Rana ta yi ja lokacin da na isa. Filin ya cika da masu sauraron shirin, kowa da waya a sama. Warin masara gasasshiya, da man inji, da zufa. Subhi yana zaune a tarago, a gefen dama, yana ɗaga musu hannu kamar ango. Shahhat, tsohon da ya yi aiki da mijina, yana tsaye a kan makunni, fuskarsa ba daɗi.

Na ratsa su, na sa ƙafa ɗaya a tarago.

"Matsa, Subhi. Tare za mu."

"Umma! Me ya kawo ki?"

"Abincinka. Matsa na ce."

Wani ɗan banza ya yi ihu, "Kai, jarumi ya zo da mamarsa! A ba shi goyo!" Filin ya ɗauki shewa. Na ga kunnuwan ɗana sun yi ja.

"Sauka, Umma, kina kunyata ni."

"Ubanka bai taɓa tura mutum shi kaɗai ba."

Ya ture ƙafata da hannunsa. Ya ɗaga murya don waya ta ɗauka.

"Nan ba wurinki ba ne, Hajiya. Wurin nan da mai shi."

Suka tafa masa. Ya yi wa Shahhat tsawa, Shahhat ya danna. Tarago ya ja, labulen roba ya haɗiye shi. A daidai nan ladanin masallacin gada ya ɗaga murya.

Jirgin minti uku yake yi. Aka gama kiran sallah bai fito ba. Kiɗan ƙofa ya shaƙe ya mutu. Fitilu suka ɗauke.

Shahhat ya matso kusa da kunnena. "Ummu Subhi, wuta na nan. Injin na juyawa. Wani abu ne ya riƙe taragon."

Na dubi jaruman rediyo. Duk sun ja baya, wayoyi sun sauka. Ko ɗaya bai taka ba. Masu kashe uban dodanni ke nan.

Na yi bisimilla, na ɗaga labulen, na shiga da kwanona a hannu, don na manta ma ina riƙe da shi.

Duhu. Zafi kamar cikin tanda. Ina laluben dogo da ƙafa. Kwana ta farko, wani gunki ya shafi fuskata, na gane ɗinkina a wuyan rigarsa, na ture shi.

Kwana ta biyu, zafin ya ɗauke. Sanyi ya taso daga ƙasa. Silifas ɗina suka fara mannewa.

Ruwa ne. A wurin da ba famfo.

Sai warin. Tabo, da ruɓaɓɓen kifi, da tsohon zane da ya kwana a jiƙe. Ya danne ƙamshin tafarnuwar da ke kwanona.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Na sha kwana ta uku.

Wayarsa na ƙasan tarago, haskenta na kallon sama. Subhi a zaune, miƙe kamar an dasa shi. Idonsa a buɗe. Bakinsa a buɗe, yawu na zuba.

A hagunsa akwai mai zama.

Baƙin mayafi, irin nawa, sai dai yana ɗiga. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Hannunta na kan gwiwarsa, fari, a kumbure, fatar yatsun ta yi laushi tana saɓulewa. Wani abu yana motsi a ƙarƙashin farcenta.

Ban ga fuska ba. Na gode Allah.

Na ce, "Tashi. Wurina ne. Ni na haife shi."

Ba ta juyo ba. Muryar ta fito kamar ana magana ta cikin tulu.

"Ya kore ki, Nabawiyya. Gaban mutane."

"Yaro ne. Bai san abin da yake faɗa ba."

"Ya ce ni tasa ce. Gari duka ya ji."

Yatsun suka ƙara nutsewa a gwiwarsa. Ya yi wani ƙaramin kuka, irin wanda yake yi yana jariri.

Ban san karatu mai yawa ba. Ayatul Kursiyyu na riƙe, ita na fara. Na saki kwanon, miya mai zafi ta watsu a ƙasan tarago. Na ce a yi gafara, ba da niyya ba. Na damƙi kunnen ɗana da hannu ɗaya, wuyan rigarsa da ɗaya, na ja.

Nauyinsa ya yi na mutum biyu.

Na ja. Rigar ta yage. Na kama gashi.

Ya faɗo kan dogo. Na ja shi a ƙasa kamar buhu, ina karatu, ina tuntuɓe. Ban waiwaya ba.

A bayanmu, kujera ta yi ƙara. Irin ƙarar da take yi in mutum ya tashi.

Tafiya. Caɓ. Caɓ. Ba gudu. Ba ta sauri.

Hannun Shahhat ya shigo ta labule ya fizgo mu waje.

Kwana tara Subhi bai yi magana ba. Malamai sun yi karatu, Allah ya saka musu, bakinsa ya buɗe, hankalinsa ya dawo. Shi da kansa ya sa aka kwance rumbun. Na'urar gem ɗin ma ya jefa ta a ruwa. Alhamis ta gaba na kunna rediyo, sai ga masu ra'ayi suna ƙorafi wai an rufe abu mafi daɗi a garin, wani har yana cewa a mayar da matar cikin gem. Daga ranar ban ƙara kunna shirin ba.

Amma abin da baki ya furta gaban shaidu, karatu bai goge shi duka ba. Duk inda Subhi ya zauna, hagunsa sai ya lotsa. A motar haya, wanda ya zauna nan ba ya kai tasha biyu sai ya nemi sauka, wandonsa a jiƙe. Matarsa Intisar ta yi haƙurin wata guda tana tashi da asuba a kan katifa mai warin tabo, sannan ta kwashi yaran ta koma gidan ubanta, kuma ban ga laifinta ba. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, don kada a bar giɓi saboda shi. Ni kaina na gwada zama a wurin sau ɗaya. Sau ɗaya.

Yanzu buhun yashin ubansa yake ɗauka. Gidan shayi, asibiti, gadon barci, sai ya fara ajiye shi a hagu kafin ya zauna. Buhun yana cike wurin, amma kafin gari ya waye ya jiƙe sharkaf. Na ɗinka masa na biyu, ɗaya na bushewa a saman soro, ɗaya na kafaɗarsa. Yara na binsa a titi suna kiransa mijin buhu, ba ya ko ɗaga kai.

Shekara uku ke nan. 'Yarsa ƙarama takan zo ranar Juma'a, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Tun tana shekara biyu rabon da ya ɗora ta a cinyarsa.