Kebul ɗin da Ba Ya Jiran Izini

Kebul ɗin ya shige gurbinsa a ƙarƙashin sitiyari, koren haske ya bi jikinsa har zuwa allon da ke hannun Barau. Jiya ya sayo shi, kuma tun daga lokacin kunnen kowa bai huta ba a garejin Sabuwar Zariya. Tsohon kebul ɗinsa tambaya kawai ya iya: ya shiga ƙwaƙwalwar mota, ya daɗe yana lalube, ya dawo ya faɗi ciwon. Wannan kuwa ba ya jiran izini. Duk abin da ya ga ya tsufa, share shi yake yi ya zuba sabo.

Motar ta Inna Marka ce, dattijuwar da ke sayar da atamfa. Motocin wannan zamani sukan koyi muryar masu su, ita kuwa wannan ta riƙe ta mijinta, Malam Ilu, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. Kullum ta tayar da ita sai ta ji ya ce, "Bismillah, Marka, a sauka lafiya."

"Jar fitilar nan da ke kunnuwa a gaban sitiyari ce kawai ta dame ni," in ji ta. "Ka bi a hankali, Malam yana ciki. Ina tsohon kebul ɗin naka?"

"Haba Inna, ai an wuce wannan zamanin. Minti biyu kacal!"

Tsohon kebul ɗin yana nan rataye a ƙusa, taku uku daga inda yake tsaye. Barau ya san dalilin da ya sa tsohon kaɗai yake sa wa motar nan: ba ya share komai. Amma abokan aiki sun zagaye shi suna kallo, shi kuma mutum ne mai son a yaba.

Jar fitilar ta mutu. Allon ya rubuta: An cire tsohon tarkace guda ɗaya.

Barau ya zabura. Ya fizge kebul ɗin, amma aikin gama ya riga ya gama.

Inna Marka ta shiga, ta danna maɓalli. Injin ya tashi lafiya lau, wata baƙuwar murya mai santsi ta ce, "Barka da zuwa. Da wa nake magana?"

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi, da Barau ya fi samun sauƙi. Ta dafa sitiyarin ta daɗe, hawaye na bin fuskarta.

"Sau biyu ke nan, Barau," ta ce a hankali. "Wancan karon ma ban samu na yi masa sallama ba."

Ya tsaya kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Allon da ke hannunsa yana ta haska kore, wai aiki ya kammala cikin nasara.