Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Fenti

Duk wanda ya sayar wa mutum tsagaggen ƙarfe, ya ce masa lafiyayye ne, kisa ya yi. Abin da ya raba shi da mai wuƙa kawai shi ne ba ya wurin sa'ad da jini ya zuba.

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa tsohuwar jif ɗin likitan dabbobi ta kife a gangaren dutse. Sufeto ya tarar da ita ƙafafu sama, ƙofofin sun lotse sun ƙi buɗuwa. Masu wucewa sun ce sun daɗe suna jin likitan yana bubbuga ƙofa daga ciki. Kafin a yanka ta, rai ya yi halinsa.

Tayar gaba ta dama ce ta ɓalle. Sufeto ya durƙusa ya zaro ƙarfen da ke riƙe taya da jikin mota, wanda bakanikai ke kira hannu. Ya karye gida biyu. Ya kankare shi da makulli: baƙin giris a sama, sabon fenti a ƙasa, ƙarƙashin fentin kuma walda.

Kwana huɗu ke nan da aka ɗaura hannun. Wanda ya ɗaura shi bakanike ne da ake kira Gajere, yayan matar likitan. Kafin azahar yana bayan kanta, a ɗakin da ko miƙe ƙafa ba ya iya yi.

"Kai ka yi waldar nan?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, shekarata ashirin da biyu a ƙarƙashin mota. Ina walda salansa, ina walda ƙofa. Abin da ke riƙe taya kuwa, ko na maƙiyina ne ba na yi."

"To a ina ka samo shi?"

"A maƙabartar motoci, gidan Tsoho. Jif ɗin ta tsufa, an daina ƙera kayanta. Mako uku muna nema, likita kullum yana kan kaina, wai dabbobin mutane na mutuwa. Surukin Tsoho ya ce in dawo gobe, akwai."

"Kai kuma ka ɗaura ba ka duba ba."

Gajere ya sunkuyar da kai. "Na ga giris ya daskare a kansa. Na ɗauka ba a taɓa shi ba."

Ƙanwarsa tana tsaye a bakin kanta, idonta a bushe. "Yaya, da bakinka ka ce masa ta gyaru. Har ka buga mata bonet ka ce ta kai shi ƙarshen duniya."

In dai laifin ya tsaya a kan Gajere, kotu ce a gabansa, ƙanwar nan kuma ta rabu da shi ke nan har abada.

Maƙabartar motocin lunguna ce kawai. An jibge gawarwakin motoci hawa uku dama da hagu, sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya wuce. A can ƙurya, cikin rumfar kwano, Sufeto ya tarar da surukin Tsoho yana zaune da baƙin tabarau.

"Gajere? Ai kowa ya san shi da ƙulle-ƙulle," in ji shi. "Lafiyayye na ba shi. Mu nan cirewa muke, yallaɓai, ba ma ɗinki. Ko injin walda ba mu da shi."

"Rana ta dame ka ne a cikin inuwa?"

"Ciwon ido ne."

"Cire in gani."

Ya cire. Idanun jajur, suna ta zubar ruwa. A damtsensa kuma ga ƙananan tabon ƙuna birjik, sababbi. Sufeto ya san irinsu a jikin masu walda.

Tsoho mai wurin yana kan kujerar wata matacciyar bas, yana shafa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Ganinsa ya tafi shekaru da dama, amma har yanzu ba a ajiye ƙarfe sai ya bi ta hannunsa.

"Baba, yaya kake gane mai kyau da maras kyau?"

"Ina ƙwanƙwasa shi in saurara, ɗana. Mai tsaga ba ya amo. Da ina gani, alli nake sa musu. Yanzu ƙusa da guduma: ɗigo ɗaya, a sayar. Ɗigo uku, a kai tarin narkewa."

Sufeto ya buɗe jaka ya ɗora masa guntayen biyu a cinya. Surukin ya yi wuf ya ce, "Baba bai da lafiya, kada a wahalar da shi."

"Rufe mana baki," in ji Tsoho.

Ya bi bayan ƙarfen da babban yatsa. "Nan an goge, an cike." Sai ya zura ɗan yatsa cikin ramin da ake sa roba, ya juya. Ya tsaya cak.

"Uku," ya ce. "Nawa ne. Ranar Laraba na yanke masa hukunci. Wuri biyu nake bugawa, ɗaya a waje don masu ido, ɗaya a ciki don kaina." Ya juya fuska wajen da ya ji numfashin surukinsa. "Kai, shekara shida kana cin abinci a gidana, ba ka taɓa sa yatsa cikin ramin ƙarfe ba?"

Surukin ya ja da baya, bayansa ya daki ƙofar wata mota. Lungun hanya ɗaya gare shi, Sajen da ya rako Sufeto kuma yana tsaye a bakinta. A cikin bas ɗin da ke bayan rumfa aka sami injin waldar, an lulluɓe shi da buhu, ga gwangwanin fenti da sauran laima.

"Shi kaɗai ne irinsa a wurin nan," in ji surukin. "Na ce in na ce babu, ya tafi wani gidan. Tsagar ba ta kai ɗan yatsa ba. Na zaci zai yi shekara."

"Giris ɗin fa?"

"Na shafa tsoho ne na barbaɗa ƙasa, don kada Gajere ya kankare."

"Ashe ka san abin da zai gani," in ji Sufeto. "Saje, ankwa."

Da la'asar aka buɗe wa Gajere. Sufeto ya miƙa masa takalmansa. "Ba kai ka kashe shi ba. Amma makaho ya duba abin da kai mai ido ka ƙi dubawa. Ka tafi da wannan a ranka."

Ƙanwarsa tana waje. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Yaya, ka zo ka kama makara."

Kotu ta sami surukin Tsoho da laifin jawo mutuwar mutum. Shekara goma sha biyu a gidan yari.